Malam Hassoumi da Babur Mai Ƙafa Uku

Malam Hassoumi ƙanin kakata ne, wadda ta haifi uwata, don haka ni jika ne a wurinsa. Kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin jika da kaka: ba kunya, ba sakaya zance. Ni ina ce masa Tsoho, shi yana ce mini Mai Rabin Digiri, saboda na sauka gidansa a Lyon a 2008 da takardar shiga jami'a, na yi wata biyar ina dumama benci, na gudu. Matarsa, Hajiya Sahadatou, matata ce a wasan jika, shi kuma abokin takarata. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ji yadda nake masa magana a ce ba ni da ladabi. Ba ni da shi ɗin, amma ba a nan ne na rasa shi ba.

A Tessaoua aka haife shi. Yana da shekara goma sha bakwai ya fara hawa mobilet, ɗan ƙaramin babur, yana kai wa wani attajiri saƙo ƙauyuka, kuma tun daga ranar gindinsa bai rabu da sirdi ba. Ya zo Faransa a 1980, ya sauka a gidan ma'aikata na Montreuil, a gefen Paris, su shida a ɗaki guda. Abokan ɗakinsa wasu suka kama sharar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasu suka shiga masana'antar mota. Shi ya ce ba zai iya aiki a inda ba ya ganin sama ba, ya nemi aikin kai saƙo a kan babur. Shekara ashirin da biyu yana ratsa Paris da ambulan a bayansa, cikin ruwa, cikin sanyi, har ya san lungunan da direbobin tasi ba su sani ba. Sai intanet ta zo ta cinye ambulan. A 2003 ya kwashe iyali ya dawo Lyon, hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, ya samu aiki a wani ɗan kamfani da ke ƙera haƙoran roba. Shi ke ɗauko ma'auni daga wurin likitocin haƙori, shi ke mayar musu da haƙoran in an gama.

"Haƙori dai ba ya bin intanet," in ji shi.

Rabin tsofaffin Lyon da haƙoran da ya kawo suke tauna burodi. Shi kansa giɓi uku ne a bakinsa, an yi an yi ya bari a cike masa, ya ce a'a, ya ga inda ake yin su.

Abin da mutane ba su sani ba game da aikin babur shi ne ba gudu ke kashe mutum ba, tsayuwa ce. Kowace danja sai ka sauke ƙafar hagu ka tare nauyin babur da naka da na akwatin da ke baya. A gari kamar Lyon kuwa danja ta fi masallaci yawa nesa ba kusa ba. Shekara arba'in da wani abu gwiwar hagun Tsoho tana wannan dako. Lokacin da na zo na tarar da shi, kullum da safe sai ya zauna bakin gado yana murza mata man zafi kafin ta yarda ta lanƙwashe. Ranar da asanser, injin hawa bene, ya lalace, kuma yana yawan lalacewa, a hawa na shida yake zama ya huta, ya ce wai yana duba saƙo ne a waya. Wayar a kashe take.

"Tsoho, in goya ka?"

"Goya digirinka tukuna."

Faɗuwar ta zo wata Juma'a ta watan Oktoba, 2012. Al'adarsa ce in ya kusa gama zagayen safe ranar Juma'a sai ya shiga bayin kamfani ya sa babbar rigarsa, ya tattare ta tsakanin cinyoyinsa, ya ɗora jaket a kai, ya kai saƙon ƙarshe, daga can ya wuce masallaci. Kowa ya gaya masa babbar riga da babur ba su shiri. Ya ce shi ba zai je gaban Ubangiji da kayan leda ba. Ranar ana yayyafi. Ya iso danjar Guillotière, dab da layin tiram, jirgin da ke bin titi, ya rage gudu, sai ya hango Alhaji Maazou, amininsa mai kanti a unguwar, tsaye a bakin titi. Ba a wuce Alhaji Maazou da gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu zai gaishe shi, ya sauke ƙafa zai tsaya, ashe gefen rigar ya zame ya naɗe a jikin ƙarfen da ake jingine babur. Ƙafa ba ta kai ƙasa ba.

Ba gudu yake ba, ba wanda ya buge shi. A tsaye ya faɗi, a hankali, kamar buhun gero da aka jingine ba daidai ba, babur ya biyo shi ya danne gwiwar. Akwatin baya ya buɗe. Alhaji Maazou ya rugo, ya ga haƙora warwatse a kan layin tiram, ya ciro hankici yana tsinta yana salati.

"Hassoumi, kada ka yi magana, na tsince su duka."

"Ba nawa ba ne, Alhaji. Ɗaga mini babur."

Mun yi dariyar wannan labari har muka gaji. Shi bai yi ba. Ya yi sati shida a kwance, sannan aka tura shi wurin likitar ma'aikata, wadda sai ta sa hannu mutum ke komawa bakin aiki. Ta ce ya tsaya da ƙafar hagu kaɗai. Kafin ta ƙirga uku ya dafa tebur. Ta ce babur mai ƙafa biyu dai ya gama da shi. In ya samu irin wanda ke tsayawa da kansa, ya zo da shi ta gani, za ta sa hannu. Mai kamfanin kuma ba mugu ba ne, amma haƙora ba su jira. Ya ce zai riƙe masa wurinsa har Litinin ta farko a watan Fabrairu, bayan nan dole ya ɗauki wani.

Saura masa shekara uku ya cika ritaya. Wa zai ɗauki baƙin mutum ɗan shekara sittin, mai gwiwa ɗaya, wanda a titi ya koyi Faransanci? Kuma ba rashin aikin kaɗai yake tsoro ba. Akwai wani dattijo a benen da ke kallon namu da ke wuni a taga tun safe har magariba, hannu a haɓa. Tsoho ya daina buɗe labulen wannan gefen.

A nan Moctar ya shigo zancen. Moctar ɗansa ne na fari, injiniya a wani ofis a Paris, yana zaune a Montreuil, tafiyar minti goma daga gidan ma'aikatan da ubansa ya fara sauka. Kasancewarsa ɗan fari, Tsoho bai taɓa kiran sunansa ba. "Wancan na Paris" yake cewa. In sun yi waya, gaisuwa ce ta minti biyar, ina gajiya, ina sanyi, ina iyali, lafiya lau, lafiya lau, sai ya miƙa wa Hajiya. Ko gidan na cin wuta haka za su yi.

Moctar kuwa tun 2009 yake hawa irin baburan nan masu ƙafa biyu a gaba, ɗaya a baya. Shi dalilinsa daban. Ya gaji da awa ɗaya da rabi a cikin mota kullum safiya, ya ce zai sayi babur, matarsa ta ce sai dai ya sake ta tukuna, don ba ta shirya takaba da yara biyu ba. Suka sasanta a kan mai ƙafa uku. Ba ya zamewa da sauƙi a kan duwatsun titin Paris in an yi ruwa, birkinsa na kamawa, kuma yana isa ofis da kwat ɗinsa a bushe a ƙarƙashin bargon ledar da ake rufa wa ƙafafu. Ya ce in ka tsaya a danja da safe a can, rabin masu irinsa furfura ce a ƙarƙashin kaske, wato hular kwano, lauyoyi da likitoci, mutanen da ke son isa da wuri kuma suna son isa.

Ya kira ni. "Ilya, ka san ba zan iya ce masa ya tsufa ba."

"Ni kullum ina gaya masa."

"Kai an ba ka lasisi. Ni zan aiko da shi kawai, in ya gani zai gane."

Kuskuren ke nan. Abin da ba a iya faɗa da baki, Moctar ya aiko shi a bayan babbar mota, kowa na kallo. Ana sauke shi a gindin bene, Tsoho ya sauko da sandarsa, ya zagaya shi sau ɗaya.

"Wa ya aiko?"

"Wancan na Paris."

"Allah shi yi masa albarka. Rufe shi."

Sai da muka shiga asanser, ƙofa ta rufe, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Keken guragu ya aiko mini."

Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane ba. A can gida, a zamanin da Tsoho ya tashi, abu mai ƙafa uku guda ɗaya ne: keken da ake murzawa da hannu, wanda masu lalurar ƙafa ke hawa a bakin tasha. Abin da idonsa ya gani ke nan, ɗansa na fari ya sanar da duk Minguettes cewa ubansa ya gama. Na ce masa a Paris lauyoyi ke hawa.

"Lauyan Paris bai taɓa zama a tashar Tessaoua ba."

"To kai ma ai yanzu ba can kake ba."

"Idona na can."

Babur ya kwana sati biyar a ƙarƙashin tamfol. Ni kuwa ba na iya ganin abu na lalacewa, musamman in abin yana da mai a tanki. Na karɓi makulli a hannun Hajiya, Moctar ya sa sunana a asirans, wato inshora. Nawa dalilin ba shi da daraja kamar nasu. Sau biyu ina neman permi, wato lasisin tuƙi, na babban babur, sau biyu ina kwasar robobin da ake jerawa a filin gwaji kamar mai girbi. Shi wannan kuwa permin mota ya isa, da horon awa bakwai, kuma awa bakwai ita ce iyakar abin da nake iya zama ana koya mini abu. A lokacin ina aikin wucin gadi a wani sito a Corbas, ina tashi da asuba ina bin bas biyu. Da mai ƙafa uku na samu ƙarin barcin minti arba'in. Ƴan mata kuma ba su ƙirga taya.

Wata rana da la'asar na dawo, na shiga wurin ajiye motoci na ƙasa, na tarar da Tsoho shi kaɗai da tsohon baburinsa. Yana ƙoƙarin sauke shi daga kan ƙarfensa. Ya tura, ya tura, gumi na zuba a watan Janairu. Da ya samu ya sauka, nauyin ya dawo kan hagu, na ga ƙafar tana rawa kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Da ƙyar ya mayar da shi. Ya zauna a kai yana haki, yana kallon bango. Ya san ina nan. Ina da magana uku a bakina, kowace ta fi ƴar'uwarta daɗi, ban faɗi ko ɗaya ba. Na hau sama na gaya wa Hajiya abin da na gani.

Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ya gaya wa mai kamfani wai ran Litinin zai zo da tsohon. Wai zai roƙi likita."

"Ba za ta yarda ba."

"Ya sani."

Ranar Asabar, saura kwana biyu, Tsoho ya bi tiram da metiro da sandarsa zuwa kantin Alhaji Maazou, inda dattawa ke shan shayi kowace Asabar da hantsi. Yana fita Hajiya ta leƙo ɗakina, ta riga ta sa wando a ƙarƙashin doguwar rigarta.

"Maigidana na gaskiya, tashi ka kai ni kasuwa."

"A me?"

"A abin da kake zuwa yawon banza."

Shekara talatin da biyar da aurensu, Hajiya ba ta taɓa hawa bayan baburin mijinta ba, ko a Tessaoua, ko a Paris, ko a nan. Na ɗora mata kaske a kan kallabi, ta hau tana karanta duk addu'ar da ta sani, ta riƙe jaket ɗina kamar za ta yage shi. A danjar farko na danna maɓallin da ke kulle ƙafafun gaba, ya yi ƙara ɗan kaɗan, babur ya tsaya cak, ƙafafuna a sama.

"Ba ka sa ƙafa ƙasa?"

"Ba na sawa."

Aka ba mu hannu, muka wuce. A danja ta huɗu ta saki jaket ɗin. Kafin mu kai Guillotière tana nuna mini inda ake sayar da kuɓewa mai araha.

Na tsaya daidai ƙofar kantin, inda su biyar ke zaune a kan kujerun roba. Na kulle ƙafafun, na saki kan babur, na gaishe su da hannu biyu daga kan sirdi, ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ɗaya bayan ɗaya, ban rage komai ba, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Hajiya ta ɗaga gilashin kaske.

Alhaji Maazou ya ajiye kofinsa. "Hassoumi, wannan ba amaryarka ba ce?"

"Da," na ce. "Tsoho, na zo in sanar da kai ne cikin mutunci, gaban shaidu. Ka huta. Mace tana son wanda zai kai ta kasuwa."

"Jika ya yi maka juyin mulki," in ji wani daga cikin dattawan. Suka fashe da dariya. Ba wanda zai tsawata mini, haƙƙina ne, su ma jikokinsu haka suke musu.

Tsoho ya dubi babur, ya dube ni. "A keken guragu."

"Gurgun dai ya kawo ni," in ji Hajiya. "Mai ƙafa biyu shekara talatin da biyar bai taɓa ba."

Dariyar ta tsaya.

"Ke kika ƙi hawa."

"Na ƙi. Ina ganin yadda kake dawowa gida, in ƙara maka nawa nauyin? Wanga ba ya rawa, Malam. Tun daga Minguettes nake jira ya yi rawa."

Alhaji Maazou ya shiga gyaran buhunan da ba su buƙatar gyara. Tsoho ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, ya tako a hankali har inda nake.

"Sauka."

"Ai ka ce na guragu ne."

"Sauka, ɗan nema. Ba a cin gadon kaka yana da rai."

Na sauka. Ya miƙo mini sandar, ya karɓi kaskena, ya ɗaga ƙafar hagun da hannu biyu ya tsallakar da ita. Na kai hannu zan nuna masa maɓallin, ya buge mini hannu, ya ce tun ba a haifi uwata ba yake hawa babur. Ya dudduba, ya tattaɓa. Can ƙasa-ƙasa, yadda dattawan ba za su ji ba, ya ce, "Wanne ne?"

Na nuna masa da haɓa.

Suka tafi, shi da matata, ba ta ko sayi kuɓewar ba. Aka bar ni a bakin titi da sanda. A tiram wani saurayi ya ga sandar ya tashi ya ba ni wuri, ni kuma na zauna, don na gaji.

Ran Litinin likita ta sauko har bakin titi, ta sa shi ya tsaya ya tashi sau uku, ta sa hannu. Ya koma dakon haƙora, ya yi shekara ukun nan cif, ya yi ritaya a 2016. Gwiwar ba ta warke ba, man zafi bai bar bakin gado ba, kuma har ya bar aiki keken guragu yake ce masa. Ranar Juma'a dai ya koma ninke babbar rigar a akwatin baya, sai ya isa masallaci ya sa. Ni na koma bin bas biyu.

Bai taɓa yi wa Moctar godiya ba, ba a yin haka. Amma wata Lahadi suna waya, bayan ina gajiya da ina sanyi, kafin ya miƙa wa Hajiya, na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Abin nan da aka aiko. Yana tsayawa." Daga can aka ce, "To, Baba." Shi ke nan. Moctar ya kira ni daga baya ya maimaita mini maganar sau uku, kamar ba a gabana aka yi ba.

Wata rana da azahar, ana saura ƴan watanni ya bar aiki, ina tsaye ina jiran tiram a Guillotière na hango shi a danjar da ya faɗi. Ƙafafunsa a sama, hannuwansa a kan cinya, kansa ya ɗan sunkuya. Aka ba da hannu bai motsa ba, sai da na baya ya yi masa oda. Da yamma na ce masa, "Tsoho, barci kake a titi yanzu?"

Yana murza gwiwa, bai ɗago ba.

"Ba barci ba ne," ya ce. "Shekara arba'in ban sani ba. Ashe ana hutawa a danja."